Suna da ɗan rakiyarsa: inda Ingilishi ke kayar da ɗaliban Maraɗi

A ranar 26 ga Maris 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A ofisoshin Yamai wannan sabon abu ne. A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa, Ingilishi ya riga doka isowa. Yana jikin buhun taki da kwalin maganin da suka fito daga Kano, yana cikin saƙon da bankin Najeriya ke aiko wa ɗan canji a waya, yana kan takardar da jami'in kwastan ke miƙa wa direba a Jibiya. Ayar da ake nomawa a ƙasar Agye da Cadawa da Gazawa, da wake da riɗi da dabbobi, galibi kudu suke nufa. Ga layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ga ƴan gudun hijirar Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka kwararo ƙasar Gidan Rumji tun 2019, da ƙungiyoyin agajin da suka biyo su Garin Kaka da Cadakori. Ga baƙin da ke zuwa Ɗan Saga ganin sassaben zamani, su koma su rubuta abin da suka gani da Ingilishi. Saurayin da ya iya rubuta harshen nan tsaf, ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi.

To wane irin Ingilishi yaranmu ke fitowa da shi? Yaro yana fara shi a ajin siziyem, bayan ya shekara shida yana fama da Faransanci a firamare, ya yi shekara huɗu kafin jarrabawar BEPC. Duk wanda ya taɓa duba takardun ɗaliban kwaleji zai ga abin mamaki: manyan kalmomi ba sa ba su wuya. Yaron da bai taɓa taka Katsina ba zai rubuta *solution* da *relation* da *invitation* ba kuskure. Inda yake faɗuwa shi ne ƴan mitsi-mitsin kalmomin nan, *of, for, to, in, on, at, by, with*, waɗanda mushe, wato malamin makaranta, ke kira *prepositions*. Ni ƴan rakiya nake kiransu, domin a Ingilishi suna da yawa ba sa fita sai da wanda ya saba raka su, kuma ba kowa suke yarda ya raka su ba.

Dalilin sauƙin manyan kalmomin yana cikin tarihi. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na wajen ƙarni uku, dubban kalmominsa suka zauna cikin Ingilishi. Shi ya sa *raison* da *reason*, *demande* da *demand*, *intérêt* da *interest* suke kama da juna. Amma ƴan rakiyar ba su zo tare da Normandawa ba, tsofaffin ƴan gida ne. Ɗalibin Nijar sai ya samu sunan a ɓagas daga Faransanci, ya ɗauka ɗan rakiyar ma haka zai zo masa, alhali nan ne harsunan biyu suka raba hanya.

Babbar matsalar ɗan Maraɗi ita ce harsunansa biyu sun haɗa baki suna tura shi wuri ɗaya. A Hausa, harafin mallaka guda, wato -n ko -r, shi ke ɗaure kusan kowane suna da ɗan uwansa: dalilin tafiya, amsar tambaya, makullin shago, maganin tari, hanyar Maraɗi, ko hanyam Maraɗi in a bakin Bagobirin Tsibiri ne. Faransanci ma da *de* yake yin mafi yawan wannan aiki: *la raison du voyage, la clé de la boutique, la route de Maradi*. An gaya wa yaro a makon farko cewa *de* shi ne *of*. Zuciyarsa kuma ta gaya masa -n da -r ma *of* ne. Shaidu biyu sun tabbatar, me zai hana shi rubuta *the reason of the journey* da *the road of Maradi*? Ingilishi kuwa cewa yake *the reason for the journey, the answer to the question, the key to the shop, medicine for a cough, the road to Maradi*. Abin da muka tara a harafi ɗaya, shi ya rarraba shi gida-gida. Yana da wata gajeruwar hanya ta jera sunaye biyu ba tare da komai a tsakani ba, kamar *the Maradi road* ko *the shop key*, kuma ita ma daidai ce, sai dai ba kowane wuri take shiga ba.

Ana yawan gaya wa ɗalibai cewa abin ba shi da ƙa'ida, hadda kawai ake yi. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Akwai dangi-dangi, kuma in yaro ya gane dangin, haddar ta ragu ƙwarai. Sunayen da ke nuna nema ko buƙata ko so, *for* ke raka su: *a need for water, a request for help, a search for work, an application for a job, the demand for tiger nuts*. Waɗanda ke nuna fuskantar wani abu ko mayar masa da martani suna tafiya da *to*: *a reply to a letter, a solution to the problem, access to the market, damage to the crops*. Hawa da sauka da sauyi, *in*: *a rise in prices, a fall in the naira, a change in the weather*. Hulɗa tsakanin ɓangarori biyu, *with* ko *between*: *the border with Nigeria, trade between Maradi and Katsina*. Sannan akwai abin da ke sauka a kan mutum ko kaya ya danne, wanda *on* ke ɗauka: *a tax on millet, a ban on exports, an attack on the village, the effect on children*. Akwai masu ƙin bin dangi, gaskiya ne. *Reason* da *cause* kusan ma'anarsu ɗaya, amma na farko *for* yake so, na biyu *of*. Irin waɗannan sai hadda, kuma ba su kai yawan da ake tsorata yara da shi ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Ai ko ka ce *the reason of*, Bature zai gane. Zai gane, kuma mafi yawan kurakuran nan ba sa hana ciniki. Amma akwai wuraren da ƙaramar kalmar ita ce maganar duka, kuma abin takaici wuraren kuɗi ne.

A ce buhun aya yana jika 20, wato sefa 20,000, a kasuwar Cadawa, ya koma jika 25. Dillalin da ke rubuta wa mai sayensa na Kano saƙo yana da ƴan rakiya huɗu a gabansa, kowanne da aikinsa. *An increase in the price* yana faɗin abin da ya tashi. *An increase of 5,000 francs* yana faɗin yawan ƙarin. *An increase from 20,000 to 25,000* yana faɗin inda aka taso da inda aka tsaya. Wanda ya sa *of* a gurbin *to*, ya rubuta *an increase of 25,000*, ya gaya wa abokin cinikinsa buhu ya kai jika 45. Haka *receipt*: *a receipt for the goods* rasit ne, takardar da ke shaida an biya, amma *payment on receipt of the goods* na nufin ba za a biya ba sai kaya sun iso hannu. Mai loda wake a Gazawa da ya sa hannu a kan wannan jimla bai fahimce ta ba, ya ba da bashi bai sani ba. *Interest in the business* sha'awar harkar ce ko hannun jari a cikinta, *interest on the loan* kuwa kuɗin ruwa ne, abin da ɗan kasuwa Musulmi yake son ya sani kafin ya ɗora biro a takarda. *For sale* na nufin abin na sayarwa ne, *on sale* na nufin ya shigo kasuwa, ko kuma, musamman a Amurka, an karya farashinsa. Wannan ba ƙawa ba ce ta masu son burge jama'a da Turanci. Dukiyar mutane ce.

Akwai kuma ɗaya fuskar, inda ɗan rakiyar ke shiga gaba, sunan ya biyo baya, su zama dunƙulalliyar magana. A nan kalmarmu ta "da" ce ke jawo rikici, don ba abin da ba ta yi. Muna cewa da ƙafa, da hannu, da dare, da safe, da gangan, da Hausa, da fensir. Ingilishi sai ya ce *on foot, by hand, at night, in the morning, on purpose, in Hausa, in pencil*. Yaron da aka koya wa cewa "da" shi ne *with* zai cika takarda da *with*, kuma a mafi yawan bakwai ɗin nan bai dace ba. Kalmar "a" ma haka: a Maraɗi, a makaranta, a rediyo, a waya. Faransanci bai taimaka ba, don shi ma *à* ɗinsa ɗaya ce a duk wuraren nan. Ingilishi ya raba: *in Maradi, at school, on the radio, on the phone*. Na kasuwa su ne mafi muhimmanci ga mutanenmu, kuma ba su da yawa: *in cash* kuɗi hannu, *on credit* bashi, *in bulk* sari, *at a loss* faɗuwa, *in advance* kafin alƙalami, *out of stock* kaya sun ƙare, *by mistake* bisa kuskure. Na lokaci suna da tsari mai sauƙi, daga ƙarami zuwa babba: *at* ga ƙarfe kaza, *on* ga rana, *in* ga wata da shekara, wato *at 8 o'clock, on Friday, in August, in 2025*.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A azuzuwanmu, in Ingilishi ya cije, Faransanci ake kira ya warware. Hausa kuwa tana bakin ƙofa, a wasu makarantun ma laifi ne a ji ta a aji. Alhali a wannan babi na ƴan rakiya, sau da yawa Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, saboda muna da "kan" da "cikin", kalmomin da muka ciro daga kai da ciki, kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da *on* da *in*.

A duba. Bafaranshe yana cewa *sur la photo*, sai ɗalibi ya rubuta *on the picture*. Da ya tambayi Hausarsa, da ta ce masa "a cikin hoton", ya samu *in the picture*. Bafaranshe yana tafiya *sous la pluie*, ƙarƙashin ruwan sama, shi ya sa ake ganin *under the rain* a takardun yara. Bahaushe yana tafiya cikin ruwa, yana aiki cikin rana, daidai da *in the rain* da *in the sun*. Cikin haɗari, cikin matsala, cikin gaggawa, cikin ƙoshin lafiya, cikin bashi: *in danger, in trouble, in a hurry, in good health, in debt*, babu wanda ya kauce. Haraji a kan gero, rahoto a kan ambaliya, tasiri a kan yara, hari a kan ƙauye, duka *on* ne, har da na ƙarshen da Faransanci ya fi son *contre* a wurinsa. Ko abin nan da ke ɗaure wa ɗalibai kai, me ya sa ake cewa *on the bus* amma *in the car*, Hausa na da hanyar kama shi. Muna hawa bas, muna hawa jirgi, muna hawa kabu-kabu da amalanke da jaki. Abin da Ingilishi ke ganin ana hawansa, ko ana iya miƙewa tsaye a cikinsa, *on* yake ba shi. Ƙaramar mota da tasi, da ake sunkuyawa a shiga a zauna, *in*.

Ba ina cewa Faransanci ba shi da amfani ba. Shi ya fi fitar da bambancin *on time* da *in time*, domin yana da *à l'heure* da *à temps*: na farko a kan lokacin da aka tsara, na biyu kafin lokaci ya ƙure. A *answer to* da *access to* ma *réponse à* da *accès à* sun fi mallakar Hausa shiryarwa. Abin nufi, yaron Agye yana da fitilu biyu a hannu, ana kashe masa ɗaya a ce ya nemi hanya da ɗayar.

Wasu ma uku gare su. Wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajurumiya ya san huruful jarri na Larabci: *min, ila, an, ala, fi*. Malamansa sun koya masa cewa *ragiba fi* son abu ne, *ragiba an* kuwa ƙinsa ne, kalma ɗaya, harafi ya juya ma'ana baki ɗaya. Almajirin da ya riƙe wannan ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane *interest in* da *interest on*. Ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi cike take da irin waɗannan yara, kuma ban ga dalilin da zai hana mushe ya ɗora darasinsa a kan abin da suka riga suka sani ba.

Sai batun Ingilishin maƙwabta, wanda shi ne yaranmu suka fi ji, a tasha da kasuwa da finafinai da waya. Yana da nasa ƴan rakiyar. A ofisoshin Najeriya za a ce maka *he is not on seat*, wato ba ya ofis, maganar da ɗan Landan ba ya yi. Za ka ji *congratulations for* a inda littafi ke son *congratulations on*, kuma Faransanci da *félicitations pour* ɗinsa yana mara wa kuskuren baya. Mafi yawa shi ne ɗauko ɗan rakiyar suna a liƙa wa aikatau. Ana cewa *a demand for money*, amma *they demanded money*, babu *for*. Ana cewa *a discussion about the price*, amma *we discussed the price*, babu *about*. Haka *an answer to, an attack on, a lack of, respect for*: da zarar sun koma aikatau, sai su sallami ɗan rakiyar. A Najeriya *demand for* da *request for* da *discuss about* a matsayin aikatau sun zama ruwan dare har a jaridu.

Ba na cikin masu raina wannan Ingilishi. Harshen mutane miliyoyi ne, da shi ake mulki da kasuwanci, kuma a Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmominsa 29, har da Kannywood da okada. Ɗan Gidan Rumji da ya iya shi ya fi wanda ya haddace nahawu ya kasa buɗe baki a Jibiya. Amma mai gyaran takardar BEPC ko bakaloriya ba da shi yake auna amsa ba, haka ma jami'in da ke karanta takardar neman aiki a ƙungiyar agaji. Adalci ga yaro shi ne a gaya masa gaskiya: wannan ana faɗinsa a Kano, wancan shi ake rubutawa a jarrabawa. Malami kuma ya san cewa su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Ɗan Ingila na cewa *at the weekend* da *in hospital*, Ba'amurke na cewa *on the weekend* da *in the hospital*. Yaron da ya kwaso na Amurka daga YouTube bai yi kuskuren da za a ja masa jan biro ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi, kuma wannan ya dace da makarantun da wasu azuzuwansu na zana ne, littafi ɗaya kuma yara da yawa ke leƙa shi. Abu na farko, a daina rubuta suna shi kaɗai a allo. Kada a rubuta *reason*, a rubuta *the reason for*. Kada a rubuta *increase*, a rubuta *an increase in*. Yaro ya haɗu da su tare tun ranar farko, ya furta su da numfashi ɗaya. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Ingilishi a Japan, a kan wannan tunani ya gina ƙamusunsa na masu koyo da Oxford ta buga a 1948, wanda har yau yake nuna kalma tare da abin da ke bin ta. Littafin Raymond Murphy, English Grammar in Use, da ya fara fitowa a 1985, ya ware darussa na musamman ga suna da ɗan rakiyarsa. Amma waɗannan an rubuta su ne don duniya baki ɗaya, ba su san yaron da -n da *de* suka haɗu suka tura shi ga *of* ba. Ƙamusun Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 sun haɗa Ingilishi da Hausa kai tsaye, sai dai ƙamus ba darasi ba ne.

Na biyu, a raba allo gida uku, Hausa da Faransanci da Ingilishi, a sa yara da kansu su gano inda Hausa ta yi daidai, inda Faransanci ya yi daidai, da inda duka biyun suka kauce. Wannan kashi na ƙarshe, inda duka biyun suka kauce, shi ne abin hadda na gaske, kuma in an tace shi bai fi a rubuta a shafi biyu ba. Na uku, misalai su fito daga inda yaran suke. Washegarin kasuwa kowa ya kawo jimla biyar a kan abin da ya gani: me ya tashi, me ya sauka, me ake nema, wa ya saya kuɗi hannu, wa ya ci bashi, da me aka kawo kayan. A cikin jimla biyar ɗin nan *rise in, fall in, demand for, in cash, on credit, by lorry, on foot* duk za su fito, kuma yaron zai riƙe su don ya san buhun da ake magana a kai.

Abin da nake fatan gani a hannun ɗalibin Gazawa shi ne ɗan ƙaramin littafi mai shafi talatin ko arba'in, da bayaninsa cikin Hausa, misalansa na aya da gero da sefa da naira, wanda za a iya gurzawa a kowane shagon kwafi ko a tura ta WhatsApp. Ba sai an jira Yamai ba. Malaman Ingilishi na gundumomin nan uku su suka fi kowa sanin kurakuran da ke dawowa kowace shekara, tunda su ke gyara takardun. In kowannensu ya tara kurakurai ashirin da ya fi cin karo da su a zango ɗaya, suka zauna a Agye ko Maraɗi lokacin hutu suka tace, littafin ya samu, kuma tun Maris 2025 babu mai cewa Hausar da ke cikinsa ba ta da hurumin shiga aji.